Kayan Ɗakin Marainiya Da Na Sallama Wa Masu Jirgin Ruwa

Edita, ina yi muku sallama, kuma ina roƙon a sakaya sunana. A lokacin da abin nan ya faru ni mace ce mai ji da kanta. Na haura shekara arba'in, maigidana ya rasu, na aurar da 'ya'yana, ina da shago a Kano ina sayar da kuloli da filas da kayan roba na kicin. Sau biyu a shekara nake shiga Guangzhou ta ƙasar China sari, daidai lokacin da masana'antu ke baje kolinsu a Pazhou. Unguwar Xiaobei, inda mutanenmu ke sauka, na san ta kamar layin gidanmu. Ba na jin Sinanci in ban da gaisuwa da godiya da 'yan kalmomin ciniki, amma in na riƙe kalkuleta na tsaya a gaban laoban, wato mai shago, sai ya gaji don kansa ya sallama mini. Ina da baki, ina da saurin fushi, kuma abin da na fi tsana a duniya shi ne a koya mini sana'ata. Har 'yan uwana sun san ni, in na ce a'a to an rufe maganar.

A wani bene da ke bayan babban titi akwai wata baiwar Allah 'yar Maraɗi da ke dafa abinci a ɗakinta tana sayar wa 'yan kasuwa. Tuwon shinkafa miyar kuka, dambu, wani lokaci har fura in an samu wanda ya taho mata da gero. Duk wanda ya sauka daga Kano ko Yamai ko Kumasi, cikinsa ya gaji da taliyar 'yan China, wajenta yake nufa. Ta girme ni, don haka Yaya nake ce mata, kuma tun zuwana na biyu na daina kama otal, a ɗakinta nake sauka. Kullum cikin tsokanar juna muke. Ita ta ce Kanawa ko gaisuwa sai sun nemi ragi, ni kuma in kwaikwayi yadda take cewa lahiya lau har ta jefe ni da murfin tukunya. 'Yarta ɗaya tak a duniya, tana Maraɗi a hannun ƙanwarta. Tun yarinyar ba ta gama firamare ba rabon da su ga juna ido da ido, saboda takardun zaman Yaya sun daɗe da ƙarewa, in ta fita ba za ta sake shigowa ba, kuma da tukunyar nan take ciyar da gida guda.

Kun san al'adarmu, uwa tun 'yarta na ƙarama take fara tarin kayan ɗaki. To Yaya a China ta yi nata tarin. Duk sanda ta ɗan samu sarari sai ta shiga kasuwa ta sayo abu ɗaya: yau farantan tangaran, wata mai zuwa labule, wata rana zanin gado, wata rana leshi turmi ɗaya. Kusurwar ɗakinta guda kwalaye ne tun daga ƙasa har kusa da rufi, ta lulluɓe su da tsohon zani. In ciniki ya lafa da hantsi sai ta sauko da kwali ɗaya ta buɗe mini, ta gaya mini inda ta saya da yadda suka kwashe da mai shagon. Wani lokaci in ce mata wannan kofin ai an daina yayinsa, ta ce ba ruwana, ita ta san 'yarta. Ni dai dariya nake yi a raina, yarinyar da rabonki da ita tun tana kitson makaranta.

Ciwon da ya ɗauke ta bai ba da lokaci ba. Ina garin aka kwantar da ita a asibiti, kuma ranar da na kai mata kunu ta riƙe hannuna ta ce an sa ranar auren yarinyar bayan babbar Sallah, ita kuwa ta san ba za ta gani ba. Ta ce kayan nan amana ne a wuyana, in kai su Maraɗi da hannuna, in tsaya a yi jere a gabana. Na yi mata faɗa, na ce ta daina yi wa kanta mugun fata. Ba ta saki hannuna ba sai da na yi alkawari. Bayan 'yan kwanaki Allah Ya karɓi abarsa. 'Yan uwa Musulmi na unguwar suka yi ta zirga-zirga tsakanin asibiti da ofisoshi har aka samu aka binne ta a maƙabartar Musulmi ta garin. Ni na haɗa kayan ɗakinta. Bayan kwalayen, na haɗa da tukunyarta ta tuwo, da muciyarta, da sallayarta, da zannuwan da take ɗaurawa, ban ma wanke su ba, don na san yarinyar za ta so su yadda suke.

Wannan zuwan ne karo na farko da na cika kwantena ni kaɗai, ba haɗaka da kowa ba, kuma kaina ya yi girma da hakan. Akwai wata ɗabi'a tamu ta 'yan kasuwa da duk mai zuwa China ya sani. In kana loda kwantena, wani zai zo da ɗan kwalinsa ya ce a sa masa a gefe, saƙo ne. Ba a rubuta shi a takardar lodi, ba a biyan komai, zumunci ne kawai, gobe kai ma za a sa maka. Haka na yi da kayan Yaya. Na sa aka jera su can ƙurya, sannan aka toshe da kulolina. Ejan ɗin da ke yi mini lodi, wani mutumin zangon Kumasi mai sanyin magana, ya ce Hajiya wannan ya wuce saƙo, kwalaye ne da yawa, gara a rubuta su. Na ce in aka rubuta kwastan za su buɗe su yi ta dama kayan marainiya da hannuwansu, su kuma ƙaƙaba mini haraji a kan tsohuwar muciya. Ya ce to ko inshora a yi wa kwantenar. Nan na taso masa. Na ce shekara nawa ina turo kaya ban taɓa yin wannan cacar ba, Allah ne ke tsare kaya ba kamfani ba. Ya ce Allah Ya ba ni haƙuri, aka buga wa kwantena hatimi.

Ina Kano, ina shago, ejan ya kira ni. Ya ce gobara ta tashi a jirgin da ya ɗauko kayanmu, a tsakiyar teku, ma'aikatan sun tsira, wasu jirage masu aikin ceto sun kashe wutar sun ja shi zuwa tashar wata ƙasa da ke kan hanya. Kafin yamma hoton ya zagaya wayoyin 'yan kasuwa. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama, kwantenoni sun narke sun lanƙwashe kamar gwangwanin madara da aka taka. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina ganin hoton nan na yanke wa kaina hukunci cewa komai ya zama toka. Maƙwabta da abokan kasuwa suka yi ta zuwa jaje, kowa Allah Ya mayar da alheri, kowa a bar wa Allah. Na kira yarinyar, wadda Tanti take ce mini, na gaya mata wuta ta cinye kayan mahaifiyarta. Ta yi kuka har muryarta ta dishe, sannan ita ce ma ta koma tana ba ni haƙuri a kan tawa asarar.

Bayan wasu makonni ejan ya turo mini wasu takardu da Turanci daga wakilan masu jirgin, ya yi mini bayani gwargwadon fahimtarsa, don shi ma ya ce bai taɓa cin karo da irin wannan ba. Ya ce akwai tsohuwar doka ta teku. In jirgi ya shiga hatsari aka yi ɗawainiya ko aka sadaukar da wani abu don a ceci sauran, to asarar ba ta mutum ɗaya ba ce, karo-karo ake yi. Mai jirgi ya ba da kasonsa, duk mai kaya a ciki ya ba da nasa gwargwadon darajar kayansa, su ma masu ceto a biya su ladan aikinsu. Ba za a saki kwantenar kowa ba sai ya kawo lamuni. Mai inshora kamfaninsa ne zai tsaya masa. Wanda ba shi da ita sai ya ajiye kuɗi tsaba, ko kuma ya sa hannu cewa ya sallama kayan, a yi yadda aka ga dama da su.

Wallahi ban bari ya ƙarasa ba. Na ce wato su ƙona mini kaya kuma ni zan biya su kuɗin gyaran jirgi? Na ce wannan fashi ne da rana tsaka, sun ga baƙar fata ne. Ya ce Hajiya ki dakata, har yanzu ba wanda ya tabbatar wace kwantena ce ta ƙone wace ce ta tsira, ki nemi lauyan da ya san harkar ruwa ko da tambaya ce ki yi. Na ce lauyan ma ai wani bakin ne da zan ciyar. Jarina duk yana cikin kwantenar nan, amma kada in yi muku ƙarya, ina da fili a bayan gari da zan iya sayarwa. Na tambayi mutanen layinmu a kasuwa, waɗanda ba wanda ya taɓa ganin teku da idonsa, duk suka ce kada in kuskura in ƙara zuba ko sisi a ruwa, wanda ya yi tawakkali ba ya waiwaye. Maganar ta yi mini daɗi don ta zo daidai da abin da nake so. Na tuna da kayan Yaya, ba wai ban tuna ba, amma na ce wa zuciyata toka ce, me za a fansa a toka. Yarinyar kuwa ko a mafarki ban yi tunanin in shawarce ta ba, a wajena ƙaramar yarinya ce da ke jiran aure. Na sa hannu a takardar sallamawa, ɗana ya ɗauki hotonta ya tura, na ji kamar na sauke wani dutse daga kaina.

Da biki ya matso na ci bashin kaya a kasuwar Sabon Gari, na haɗa mata kayan ɗaki na gani na faɗa, na ɗauki mota har Maraɗi. Na tsaya aka yi jere a gabana kamar yadda na yi alkawari. Dangin Yaya suka yi ta sa mini albarka, tsofaffi suna cewa ba a sake haihuwar mai amana irina ba. Na karɓi yabon nan hannu biyu, har da 'yar ƙwallata. In na tuna wannan ranar yanzu kunya ce ke kama ni har cikin ƙashina.

Sai da kakar sari ta zagayo na lallaɓa na koma Guangzhou da ɗan abin da na tattara. Ina zaune a ofishin ejan ana zuba mini shayi, sai ga wani Alhaji ɗan Damagaram ya shigo, hira ta kawo mu kan gobarar. Ya ce ai shi ma yana da kwantena a jirgin. Na fara yi masa jaje, ya ce a'a, shi ya runtse ido ya ajiye abin da suka nema, an daɗe ana jan rai amma kayansa sun iso, ko warin hayaƙi ba su yi ba. Ya ce wutar ɓangare ɗaya ta ci. Na ce wa ejan ya bincika mini tawa. Ya yi ta aika saƙonni, bayan kwana biyu ya kira ni ofis, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce kwantenata tana cikin waɗanda wuta ba ta kai gare su ba, an sauke ta da hatiminta lafiya lau. Ta zauna a tashar har wa'adi ya cika, sannan kotun ƙasar ta ba da izini aka yi gwanjonta tare da sauran waɗanda masu su suka sallama.

Ranar na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na sa ejan ya raka ni wajen lauya. Wata 'yar China ce, ba ta kai 'yata ta fari ba, tana magana yana fassara mini. Na shiga da zafina, na ce an sace mini kaya zan kai ƙara. Ta karanta takardun a tsanake, sannan ta ce ba wanda ya sace. Ta ce a dokar teku hatsari ba ya raba kaya da mai shi. Ko jirgi ya nutse aka tsamo kaya daga ƙarƙashin ruwa, na mai su ne. Wanda ya ceto bai zama mai kaya ba, ladansa kawai yake bi, kuma yana da ikon riƙewa har a biya shi. Mai kaya yana nan a matsayinsa sai ranar da ya janye hannunsa da kansa, ni kuwa na janye a rubuce. Sannan ta faɗi abin da ban taɓa zato ba. Ta ce karo-karon nan daga kayan da suka tsira ake karɓarsa, ba a karɓa daga wanda ya ƙone. Da na ajiye kuɗin aka tarar kayana sun ƙone, da an mayar mini da abina. Ni da nake ihu za a cuce ni, ashe ba abin da zan rasa in ban da jira.

Na ce mata to ai ba duka kayan ne nawa ba, akwai na marainiya a ciki, ba ni da ikon sallama su. Ta ce in nuna mata inda aka rubuta. Ta juyo mini da takardar lodi, ba komai a kai sai kuloli da filas da roba. Ta ce a idon doka waɗancan kwalayen ba su taɓa hawa jirgi ba, kuma in na tayar da maganar ni za a fara tuhuma da ɓoye kaya. Wanda ya saya a gwanjon kotu kuwa ya saya da halalinsa, ba mai karɓewa daga hannunsa, in ma an san ko wane ne. Na fito na tsaya a bakin titi, mutane na wucewa ta ko'ina. Can wata ƙasa da ban san ko sunan kasuwarta ba, wani ya buɗe ƙuryar kwantena ya ga tsofaffin zannuwa da muciya, ƙila ya watsar da su a bola. Sauran kwanakin da na yi a garin ban iya bi ta gaban benen Yaya ba, zagaye nake yi.

Da na dawo Kano na daɗe ina fama da kaina. Ba wanda ya sani, yarinyar ta riga ta haƙura, me zai sa in tono? Amma abinci ya daina yi mini daɗi. Na je wajen malamin unguwarmu na warware masa komai. Ya ce da wuta ce ta ci, ba komai a kaina, don mai riƙon amana ba ya biyan abin da ya salwanta ba da sakacinsa ba. Amma tun ranar da uwar ta cika kayan nan sun zama na magajiyarta, ni 'yar aike ce kawai, kuma na bayar da abin da ba nawa ba ba tare da na tambayi mai shi ba. Ya ce sabbin kayan da na saya kyauta ce, Allah Ya ba da lada, amma ba su goge wancan ba. Sai mai haƙƙi ta ji gaskiya daga bakina.

Na koma Maraɗi na sami yarinyar da tsohon ciki, a ɗakin nan da na jera mata. Ta yi ta murna Tanti ta zo, ta kawo ruwa, ta durƙusa da ƙyar tana gaishe ni. Na ce ta zauna. Na gaya mata komai, ban rage ba, har da filin da na ƙi sayarwa. Ba ta yi kuka ba, kuma wallahi da ta yi kuka ko ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Sannan ta ce ita ba farantan ba ne damuwarta. Ta ce tun tana ƙarama abin da ta sani na uwarta murya ce a waya, kuma tun da uwar ta rasu abin da ta yi ta buri shi ne ta taɓa wani abu da hannun uwarta ya taɓa. Ta ce tana da 'yan kunnen zinariya da kakarta ta bar mata, tana da tumaki a ƙauye, da ta sayar da su duka, da ta roƙi a ɗaga bikin ko shekara ce. Ta ɗago ta tambaye ni a hankali me ya hana ni kiranta in tambaye ta. Na roƙe ta gafara. Daga baya ta ce ta yafe mini duniya da lahira, ta tashi ta ɗora mini girki, ta kuma rako ni har bakin mota.

'Yan uwana masu zuwa China, musamman mata irina da muka koyi kasuwa da ka ba da karatu ba, don Allah ku ji tsoron ɗabi'ar nan ta a sa mini a gefe. Abin da ba a rubuta ba, ranar da masifa ta zo ba mai tsaya masa. Maganar inshora ba zan yi muku fatawa ba, ku tambayi malamai, akwai ma ta Musulunci da ake kira takaful, amma kada ku yi irin nawa, ku rufe kunne don kawai ba ku son a gaya muku. In takarda ta zo da yaren da ba ku ji, ku nemi wanda ya sani kafin ku ɗauki biro, hoton waya da shawarar 'yan layi ba hujja ba ne. Ni na ɗauka tawakkali na yi, ashe gajen haƙuri ne da girman kai. Kuma kafin mutum ya buɗe baki ya ce ya bar wa Allah, ya duba tukuna ko duk abin da zai bari ɗin nasa ne. Jarina ya dawo, shagona ya cika, yarinyar ta yafe. Amma ba ita na yi wa alkawari ba. Wadda na yi wa tana kwance a ƙasar China, kuma har yau ban san da wace fuska zan tare ta ba.